Ƙanena yana shafe awa guda a wurin alwala, likita ya ce a kai shi "maganin magana". Magana za ta yi masa me?

Tambaya: "Ƙanena ɗan shekara 24 ne. Shekara biyu ke nan alwala ta zame masa aiki, sai ya ƙarar da bokiti guda, ya fito, ya koma. A masallaci yana ta maimaita kabbarar harama har liman ya ɗago daga ruku'u, yanzu ma ya daina zuwa jam'i saboda kunya. Kullum yana bin Hajiyarmu da tambaya, ko fitsari ya fallatsar masa, ko abin da ya ɗarsu a ransa ya fitar da shi daga Musulunci. An yi ruƙiyya, an sha rubutu. Likitan ƙwaƙwalwa ya ce waswasi ne na cuta, ya rubuta masa fluoxetine, ya ce a haɗa da zuwa wurin masanin halayyar ɗan'adam. To mu wace magana ce ba mu yi masa ba? Ga maƙwabciyarmu ta kai ɗanta mai shaye-shaye irin wurin, bayan wata uku ya koma ruwa. Me ake yi a can ɗin?"

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da alheri kan wannan ɗawainiya. Sunan ne ya ruɗe ki, kuma ba laifinki ba ne, mu masu aikin mu muka kasa samar masa suna mai kyau da Hausa. Duk wanda ya ji "maganin magana" sai ya zaci nasiha ce za a biya kuɗi a saurara. Da nasiha ce, da Hajiya ta warkar da shi tun bara, don babu baƙon da zai fi ta son sa ko ya fi ta sanin bakin da zai ji. Abin da muke yi ya fi kama da abin da ke biyo bayan ɗori. Mai ɗori ya gama nasa, an kwance karan, ƙashi ya haɗe, amma ƙafa ta sandare. Dole a riƙa lanƙwasa ta kullum, tana ciwo ana yi, har ta sake koyon tafiya. Maganar da ake yi a ɗakinmu ta shirya wannan atisaye ce. Warakar kuwa a banɗakin gidanku da sahun masallaci za ta faru.

Bari in fara da yadda ciwon ke cin abincinsa, don in kin gane wannan, sauran duk za ki iya hasashensa da kanki.

Tunani ya faɗo masa: anya na wanke gwiwar hannun nan? Gabansa ya faɗi. Ya sake wankewa. Nan take ya ji sanyi a ransa. Wannan sanyin shi ne tarkon. Ƙwaƙwalwa tana koyo ne daga abin da ya kawo mata sauƙi, don haka sai ta rubuta cewa shakkar nan gaskiya ce, kuma maimaitawa ce ta cece mu. Gobe shakkar za ta dawo da wuri, da ƙarfi, kuma wanki biyu ba zai ishe ta ba sai uku. Daɗin susa ne a jikin mai ƙazuwa. Wanda ya fara da ƙarin minti biyu, cikin shekara biyu ya kai bokiti guda. Likitoci suna kiran ciwon OCD, kuma yana samun kamar mutum 1 zuwa 2 cikin 100 a ko'ina a duniya. Abin da ke bambanta shi ne rigar da yake sawa. A Turai za ki fi jin tsoron ƙwayoyin cuta da duba ƙofa sau ashirin. A wurinmu yakan shiga ta tsarki, da niyya, da saki, da ridda, domin ciwon yana kama mutum ne ta abin da ya fi daraja a wurinsa. Ban taɓa ganin wanda bai damu da salla ba yana waswasin alwala.

Har zuwa tsakiyar ƙarnin da ya wuce ana ɗaukar wannan ciwo a matsayin wanda ba ya jin magani. Masu bin tafarkin Sigmund Freud na birnin Biyana sukan zaunar da mutum shekara da shekaru ana tonon yarintarsa, a fito da bayani mai daɗin ji, hannu kuwa na nan yana wankuwa. A 1966 wani masani a Landan mai suna Victor Meyer ya gwada wani abu dabam da marasa lafiya biyu da ke kwance a asibiti. Ya sa su taɓa abin da suke gudu, ma'aikatan jinya kuma suka zauna tare da su suna hana su yin abin da suka saba yi don samun sauƙi. Fargabarsu ta hau, ta hau, sannan ta sauko da kanta ba tare da an yi mata komai ba. Daga baya Edna Foa da abokan aikinta a Filadelfiya ta Amurka suka tsara hanyar, suka gwada ta a kan mutane da yawa. Ni ina kiranta tunkara da kamewa: ka tunkari abin da ke tayar maka da shakka, ka kame daga abin da shakkar ta umarce ka. A takardun asibiti za ki ga an rubuta ERP. Ita ce hanyar da ta fi kowace hujja a kan wannan ciwo, kuma fiye da rabin waɗanda suka bi ta har ƙarshe suna samun sauƙi mai yawa.

Ga yadda za ta kasance da ƙaninki. Zama na farko da na biyu tambayoyi ne: me ke tayar da shakkar, me yake yi, minti nawa, me ya daina yi saboda ita. Sannan su biyu su jera abubuwan kamar tsani, kowanne shi da kansa zai ba shi maki daga 0 zuwa 100 gwargwadon tashin hankalin da zai jawo masa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ba mu muke ba da makin ba. Wataƙila wanke fuska sau uku ya wuce ba tare da na huɗu ba ya ba shi 35. Yin alwala da buta ɗaya, 55. Fitowa daga banɗaki ya yi salla da wandon da ke jikinsa, 75. Kabbara ɗaya tak a bayan liman ko da zuciya na cewa niyya ba ta zauna ba, 90. Ba a farawa daga sama. Za a ɗauki na 35, ya yi a gaban mai jinyar, ya ajiye buta, ya zauna. Duk bayan 'yan mintuna a tambaye shi, yanzu nawa? Zai ce 60, ya ce 70, gumi ya karyo masa, ya roƙi a bar shi ya ɗan sake ko sau ɗaya. Ba a riƙe shi, ba a yi masa tsawa, ana dai tuna masa yarjejeniyar da ya yi da bakinsa. Can sai ya ce 50. Can 30. Ranar farko da mutum ya ga fargaba ta sauka ba tare da ya biya ta komai ba, fuskarsa takan canza, ni kuma duk shekarun nan ban daina jin daɗin ganin wannan ba.

Daga nan aikin gida ne, salla biyar atisaye biyar, yana rubutawa. In matakin ya zama ba komai, a hau na gaba. Galibi zama 12 zuwa 20 ake yi, sau ɗaya ko biyu a mako.

Akwai wani abu da ke ba mutane mamaki. Ba ma ƙoƙarin tabbatar masa cewa alwalarsa ta yi. Neman tabbas shi ne ciwon. Abin da yake koya shi ne ya ce, mai yiwuwa ta yi, mai yiwuwa da saura, na dai yi yadda aka koyar, Allahu akbar. Nan ne iyalai sukan ɗaga gira, su ce likita, kana so ka koya masa wasa da salla? Sai in ce su buɗe Risala, wadda yawancinmu muka karanta a zaure. Ibn Abi Zaid ya ce wanda shakka ta aure shi, wato mustankihi, ya yi watsi da ita, babu gyara a kansa, sai dai ya yi sujada bayan sallama. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin cewa shi ne wanda shakka ke zuwar masa kullum. Ga kuma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na mutumin da yake jin kamar wani abu ya fita daga gare shi a cikin salla, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kada ya juya sai ya ji sauti ko ya ji wari. Anas kuma ya ruwaito cewa Manzon Allah yana alwala da mudu guda, mudun Annabi, wanda bai kai lita ɗaya ba. Kamar leda ɗaya da rabi ke nan ta ruwan fiya wata. Hukuncin yana nan tun tuni, kuma na tabbata ƙaninki ya san shi, wataƙila ya fi ni. Abin da ya gagare shi shi ne aiki da shi a lokacin da ƙirjinsa ke bugawa, kuma wannan gurbin muke cikewa. Ba sabon abu ba ne a wurin Musulmi ma. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya ware babi guda kan waswasi a littafinsa na lafiyar jiki da ta rai, ya ɗauke shi ciwo mai magani. Marigayi Farfesa Malik Badri na Sudan shi ya sake fito da aikin ga masana na wannan zamani.

Don haka nakan so a sa malami a ciki, amma da sharaɗi. Malami ɗaya, wanda yaron ya yarda da shi, a je sau ɗaya, a yi duk tambayoyin, a rubuta amsa a takarda, a rufe ƙofar. Domin tambayar malamai ita ma takan zama wani bokitin. Na ga wanda ya zaga malamai sun fi goma da tambaya ɗaya, kowanne ya ba shi amsa iri ɗaya, ya fito da sanyin rai, kafin ya kai bakin titi zuciya ta ce ai ba ka yi masa bayanin daidai ba.

Wannan ya kawo ni kan Hajiya, kuma ki yi mini haƙuri, ki kuma isar mata da shi cikin ladabi. Duk lokacin da ya ce Hajiya duba wandon nan, ta duba ta ce babu komai ɗana, ta yi masa wankin ne da bakinta. Sanyin da ya ji irin na maimaita alwala ne, kuma yana ciyar da ciwon daidai yadda wancan ke yi. Haka wanda ke ɗebo masa ƙarin ruwa, da wanda ke tsaya masa yana ƙirga gaɓoɓi, da wadda ke wanke masa kaya sau biyu don a zauna lafiya. Tausayi ne ya kawo haka, amma garin neman gira ake rasa ido. Ba kuma ina cewa gobe da safe kowa ya ɗaure fuska ba. In aka yanke masa gaba ɗaya ba shiri, gidan zai kama da wuta. A zaune za a yi yarjejeniya, da shi da ku da mai jinyar, a ce daga wannan mako tambaya uku a rana, mako na gaba ɗaya, sannan babu. A kuma shirya amsar da za a riƙa ba shi, kamar: "Na san kana cikin wahala, amma wannan tambayar waswasi ce, mun yi alkawari ba zan amsa masa ba. Zo ka zauna kusa da ni har ta wuce." Gori, da "kai dai ba ka da tawakkali", da kwatanta shi da sa'o'insa, duk suna ƙara fargaba, fargaba kuwa ita ce man da injin ke sha.

Batun tunanin da yake tsoron ya kafirta shi, nan ne aka fi buƙatar ɓangaren gyaran tunani. Wanda ya kafa wannan fanni shi ne Aaron Beck, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Pennsylvania, a shekarun 1960. Shi ma almajirin tafarkin Freud ne da farko, sai ya lura cewa marasa lafiyarsa suna da wasu gajerun tunani da ke wucewa fyu a ransu, kamar "ni ba na iya komai", kuma su ne ke biyo da baƙin cikin. Ya fara koya musu su cafke tunanin, su tuhume shi kamar mai shaida a gaban alƙali: ina hujjarka? Haɗuwar wannan da atisayen ɗabi'a ita ake kira CBT, tunkara da kamewa kuma reshe ne a cikinta. A wurin mai waswasi, ba ainihin mugun tunanin ake tuhuma ba, fassarar da ya yi masa ce. A 1978 Rachman da de Silva suka tambayi mutane masu lafiya ƙalau, suka samu kusan 8 cikin 10 suna samun irin waɗannan tunani na banza masu tayar da hankali. Kowa na yi. Mai lafiya yakan ce a'uzubillahi ya ci gaba da harkarsa. Mai ciwon kuwa sai ya ce, tunda ya zo mini, ni mugu ne, dole in kore shi. Korar kuma ita ke dawo da shi. Daniel Wegner ya nuna haka a 1987, da ya ce wa mutane kada su yi tunanin wata farar dabba, sai ga shi ita ce ta cika musu kai. Ki gwada da kanki: minti ɗaya, kada ki tuna raƙumi. Sahabbai ma sun kai wa Manzon Allah irin wannan kuka, suka ce suna jin abin da ya fi ƙarfin su furta, aka tambaye su ko da gaske suna jin nauyinsa haka, suka ce e, aka ce musu wannan shi ne tsantsar imani. Muslim ne ya ruwaito. Amma ko wannan hadisin, in ya mai da shi abin da zai karanta sau hamsin duk lokacin da tunanin ya zo, ya zama susa.

Kada ya bar fluoxetine ɗin. Shi da atisayen abokan tafiya ne, maganin yana rage tsinin fargabar har mutum ya iya tsayawa ya yi aikin. Sai dai a waswasi yana da nawa, yakan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga amfaninsa sosai, kuma sau da yawa likita sai ya ƙara yawansa fiye da wanda ake ba mai ciwon damuwa. Mutanenmu sukan sha mako uku su ce bai karɓe ni ba. Ba ya sa maye, ba irin su tramadol ba ne, amma ba a yanke shi rana ɗaya, kuma ko an samu sauƙi akan ci gaba aƙalla shekara. Abin da atisayen ya fi maganin da shi shi ne, in an daina ƙwaya ciwon na iya dawowa, abin da mutum ya koya kuwa yana nan tare da shi.

Sai ɗan maƙwabciyarku. Shi ciwonsa dabam, hanyarsa dabam, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar duk jinyar nan abu ɗaya. Ƙaninki ya tsani abin da yake yi, yana neman mafita. Mai shaye-shaye zuciyarsa biyu, rabi na so ya bari, rabi na so ya ci gaba. In ka tsaya a gefen bari kana ta kawo hujja, shi sai ya tsaya a ɗaya gefen yana kare sha, kuma mutum ya fi yarda da abin da ya ji daga bakinsa. A kan wannan William Miller ya gina hanyarsa a 1983, daga baya suka faɗaɗa ta da Stephen Rollnick. Maimakon wa'azi, tambaya ake yi. Me kake samu a cikinta? Me ta ci maka? A ma'aunin 0 zuwa 10, nawa kake son bari? In ya ce 4, ba a ce don me ba 10 ba, sai a ce me ya sa ba 1 ba? Sai ki ji shi da kansa yana lissafo dalilai: Innata tana kuka, an kore ni a gareji, yarinyar da nake so an hana ni. Daga nan a shiga aikin gano abin da ke ja shi, wace majalisa, wane lokaci na yini, wane ɓacin rai, da abin da zai yi in sha'awar ta taso, don ita ma kamar fargaba ce, tana hawa tana sauka. Komawa ruwa bayan wata uku abu ne da muke sa rai da shi tun farko, ana shirya masa. Yawancin waɗanda suka bari har abada ba a karon farko suka bari ba. Abin da nake tambaya a irin wannan labari shi ne, da aka sallamo shi, ina ya koma? In majalisar da ya bari ita ya tarar, ba sana'a, ba mai bibiya, to rabin jinya aka yi. Matsalar kuma ba ƙarama ba ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na 2018, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 a Najeriya sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi. A watan Mayun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, amma hana kwalba bai cire dalilin da ya sa yaro ya ɗauke ta ba.

Sauran a gurguje. Mai ciwon damuwa, wanda ya kwanta a ɗaki ya daina komai yana jiran ransa ya yi daɗi kafin ya tashi, ana juya masa lissafin, ya fara tashi tukuna, daɗin ya biyo baya. Ƙananan ayyuka ake tsara masa da rana da lokaci, shara, gaida maƙwabci, komawa islamiyya. Waɗanda suka ga tashin hankali, irin 'yan'uwanmu na Borno da Zamfara da Katsina, masu firgita cikin barci da jin ƙarar babur, ana bi da su a hankali ta cikin labarin abin da ya faru har ƙwaƙwalwa ta yarda cewa ya wuce. Wannan ba aikin da ɗan koyo zai taɓa ba ne. Wanda kuwa yake jin muryoyi, ko ya haƙiƙance ana bin sa za a kashe shi, ko ya kwana biyar ba barci yana ta surutu da rabon kuɗi, maganin likita ne gaba, zama da iyali ya biyo baya don a rage hayaniya da zargi a gida. Duk wanda ya ce zai warkar da wannan da magana zalla, ku tashi ku bar masa wurin. Haka duk inda aka ce sai an sa mari ko bulala. Mun ga abin da 'yan sanda suka fito da shi a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba mara lafiya haƙƙin a mutunta shi, ko da yake daga takarda zuwa aiki akwai tafiya.

Ba zan ɓoye miki ba, samun wanda ya iya tunkara da kamewa a Arewa sai an tona. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan gaba ɗaya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, masu irin aikina ma haka. Wuraren da za a fara nema su ne asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, sai sashen ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne an nuna cewa yawancin wannan aiki ba sai mai babban digiri ba. A Harare ta Zimbabwe, Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti suna bi da mutane mataki-mataki wajen warware matsalolinsu, gwajin da aka wallafa a 2016 kuma ya nuna masu damuwa sun samu sauƙi ƙwarai. A shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsari na zama biyar da ma'aikacin sa-kai zai iya bayarwa. Tun kafin su, a 1954, Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da marasa lafiya tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abekuta maimakon kulle su. Ni a ganina ungozomominmu da malaman islamiyya mata za su iya abin da tsofaffin Harare suka yi. Sai dai waswasi irin na ƙaninki yana son wanda aka koya wa hanyar takamaimai.

In kun je, kada ki ji nauyin tambaya. Ki ce, wace hanya za ka bi da shi? Ka taɓa jinyar mai waswasi da ita? Zama nawa kake hasashe? Akwai aikin gida? Za ka zauna da mu iyalinsa? In an yi zama huɗu ko biyar ana ta hira kan yarinta da shawarar ya riƙa kwantar da hankali, babu tsani, babu atisaye, to ba ita ba ce, ku koma wurin likitan ya sake tura ku. In kuma mai jinyar shi ma ya shiga ce masa kada ka damu alwalarka ta yi, ya zama Hajiya ta biyu. Ki sa ran makonnin farko za su fi na yanzu zafi, har ya ce ya fasa. Haka ƙafar da aka kwance wa kara take. Abu ɗaya ne ba a jira da shi: masu wannan ciwo da yawa damuwa takan biyo su, don haka in kika ji yana cewa gara ya mutu, ko ya gaji da rayuwa, a ranar za ku koma wurin likita, kada a bar shi shi kaɗai.

Kafin ranar zuwanku, ki sayi ƙaramin littafi na rubutu. Mako guda ki riƙa rubuta minti nawa kowace alwala ta ci, ruwa nawa ya tafi, sau nawa ya tambayi Hajiya da abin da ya tambaya, da abin da kowa a gidan yake yi masa don a samu lafiya, har da ke. Kada ki yi a ɓoye, ki gaya masa don me, in ya yarda ma shi ya riƙe biron. Wannan littafin zai rage muku zama guda cur, kuma bayan wata biyu, ranar da ya ce shi bai ga wani canji ba, shi za ku buɗe ku duba shafin farko.